Yadda zaka tsara saƙo a layin msgsnd da msgrcv ya yi aiki a kowace na'ura

Wata ranar Asabar ce yaron wani Alhaji dillalin shanu can wajen Oko-Oba a Agege ya kira ni yana ta maimaita "Injiniya kazo, kwamfuta ta haukace", na shiga danfo na je na tarar rasit ɗin da inji ya fitar na shanu bakwai, wajen kuɗi lamba ce mai alƙaluma 19. Alhaji ya ɗaga takardar ya ce min "Malam Injiniya, in dai wannan kuɗin nawa ne toh ka nuna min bankin da suke." Kowa ya yi dariya banda ni, don ni na san wanda ya rubuta abin.

Tsarin da na haɗa musu furogiram biyu ne a kwamfuta ɗaya mai Linux. Ɗaya yana karɓar bayanin ciniki, shi dole 32-bit na haɗa shi don laburaren na'urar da ke jone da shi a haka kawai ta zo, ɗayan kuma mai lissafi da buga rasit na sabunta shi ya koma 64-bit. Tsakaninsu layin saƙo ne na System V, wato inda ɗaya ke ajiye saƙo ɗayan ya zo ya ɗauka, wannan tsohon tsarin da ya fito da Unix ɗin AT&T tun 1983, msgget da msgsnd da msgrcv da msgctl. Lokacin da duka biyun suke 32-bit ƙalau ake zaune, ranar da na taɓa ɗaya shikenan. Ga yadda na gyara, kuma yadda nake yi yanzu tun daga farko.

Mataki na 1: ka san abin da yake na kanel da abin da yake naka

Saƙo a wannan layin kashi biyu ne. Na farko mtype, lamba ce irin `long`, dole ta fi sifili in ba haka ba msgsnd ya dawo maka da kuskuren EINVAL. Na biyu duk abin da ya biyo bayanta.

Ka ɗauka kamar buhun da aka loda a Kano za a sauke a Mile 12. Direba rubutun da ke jikin buhu kawai yake karantawa ya san na wane ne, ba ya kwancewa ya ga ko albasa ce ko tattasai. Haka kanel, wato zuciyar Linux da ke riƙe da layin, mtype yake karantawa, sauran kuwa bayit-bayit yake kwashe su ya ajiye ya miƙa wa mai karɓa yadda suke, ba ruwansa ko akwai ma'ana a ciki.

Wani abu da na jima ban gane ba, a Linux idan furogiram 32-bit yana gudu kan kanel 64-bit, kanel ɗin da kansa yake gyara mtype, ya karɓi bayit 4 daga wannan ya ba wancan bayit 8, babu matsala. Saboda haka kar ka ce wai zaka yi wayo ka maida mtype `int32_t` ko `int64_t` don ya zama iri ɗaya ko'ina, na ga masu yin haka, kuskure ne babba, a 64-bit in ka sa `int32_t` kanel zai haɗa da bayit 4 na farkon kayanka ya ɗauka duk mtype ne. Ka bar shi `long` ɗinsa. Shi kaɗai ne wajen da za a ga `long` a duk saƙon.

Mataki na 2: rubuta naka struct, ka manta da msgbuf

A littattafai da misalan intanet zaka riƙa ganin `struct msgbuf` mai `mtext[1]`. Kar ka dogara da shi. POSIX, ƙa'idar da tsarukan Unix ke bi, bai ce dole a same shi ba, cewa ya yi kai zaka rubuta naka. A glibc sai ka kunna `_GNU_SOURCE` yake bayyana, wato in ka sa wa naka wannan sunan yau ya haɗu lafiya gobe wani ya ƙara wannan layin a sama kompaila ya ce an maimaita suna. A FreeBSD ma akwai `struct msgbuf` amma wani abu ne daban, na saƙonnin kanel da dmesg ke nunawa. Ka sa naka suna kawai:

```c
#define KAYA_MAX 256

struct sako {
    long mtype;
    unsigned char kaya[KAYA_MAX];
};

_Static_assert(offsetof(struct sako, kaya) == sizeof(long),
               "akwai gibi bayan mtype");
```

Wannan layin na ƙarshe C11 ne, `offsetof` kuma a stddef.h yake. Amfaninsa kompaila ya ƙi haɗawa in har akwai gibi tsakanin mtype da kaya. Da `unsigned char` ba za a samu gibin ba, shi yasa ma na zaɓe shi, amma wata rana wani zai zo ya canza, ko kai ɗin bayan wata shida ka manta.

Me yasa gibin nan yake da haɗari? Kanel daga bayit ɗin da ya biyo mtype kai tsaye yake fara kwasa. A ARM 32-bit, irin Raspberry Pi da aka sa wa tsarin 32-bit, `long` bayit 4 ne amma `int64_t` da `double` sai a adireshin da ya rabu da 8 suke zama. Toh in ka sa struct mai `int64_t` daf da mtype, kompaila zai saka ciko na bayit 4 a tsakani, kai kuma ka ba msgsnd girman struct ɗin ciki, sai kanel ya kwashi cikon nan 4 ya bar bayit 4 na ƙarshen kayanka a ƙasa. A laftof ɗinka ba zaka taɓa ganin wannan ba, sai ka kai wa mai aiki.

Sannan maganar girma. Lamba ta uku da ake ba msgsnd da msgrcv girman kaya ce kaɗai, banda mtype. Wanda ya sa girman struct gaba ɗaya, a 64-bit msgsnd zai karanta bayit 8 da ba nasa ba, msgrcv kuma ya rubuta su a wajen da ba nasa ba, in ka yi sa'a ka ga "stack smashing detected" furogiram ya mutu nan take, in baka yi sa'a ba ya cigaba da gudu yana ɓata wani abu a ɓoye.

Mataki na 3: ka ga ciwon da idonka kafin ka sha magani

Ga abin da na rubuta tun farko wanda ya jawo min dariya:

```c
struct sako {
    long   mtype;
    int    lamba;
    long   kudi;
    time_t lokaci;
    char   bayani[20];
};
```

A 32-bit na Intel kowanne daga cikin huɗun farko bayit 4 ne, da bayani 20, jimla 36, a cire mtype saura 32. A 64-bit kuwa mtype 8, lamba 4, sai ciko 4 don kudi ya zauna daidai, kudi 8, lokaci 8, bayani 20, sai wani cikon 4 a ƙarshe, jimla 56, a cire mtype saura 48. Rubutu ɗaya, fayil ɗaya ma duka biyun suke jawowa, amma ɗaya yana aika 32 ɗayan yana jiran 48.

Yanzu bi bayit ɗin. Mai karɓa ya samu lamba daidai, bayit 4 na farko. Bayit 4 na gaba su ne ainihin kuɗin Alhaji, suka faɗa cikin ciko inda babu mai dubawa. Da ya zo karanta kudi sai ya ɗauki bayit 8 na gaba, wato lokaci da haruffa huɗu na farkon bayani, "shan" na kalmar shanu, ya haɗa su lamba ɗaya. Ga alƙaluma 19 ɗin nan. Kuma msgrcv bai yi ƙorafi ba ko kaɗan, don saƙon 32 ya shiga mazubin 48 har da saura, ni kuma ban duba adadin da ya dawo da shi ba.

Da a ce ta ɗaya gefen ne, 64 ke aikawa 32 ke karɓa, da E2BIG za a samu, wato kuskuren saƙo ya fi mazubi girma, saƙon kuma ba ya fita daga layin, yana nan a gaba, duk kiran da aka yi shi za a sake cin karo da shi, na baya su taru har layin ya cika mai aikawa ya tsaya cak. Gosulon Third Mainland sak, mota ɗaya ta mutu a gaba.

Akwai ciwo na uku a wannan struct ɗin wanda bai kai ga fashewa ba amma yana hanya. Kuɗi a kobo nake ajiyewa, kuma `long` na 32-bit iyakarsa 2,147,483,647, wato naira miliyan 21 da dubu 474 da 'yan kai. Duk wanda ya san kasuwar shanu ya san tirela ɗaya ta wuce nan. Shi ma `time_t` na 32-bit ranar 19 ga Janairu 2038 zai cika ya juye.

In kana so ka ga gibin da ke naka struct ɗin, ka ƙara `-Wpadded` wajen haɗawa da gcc, ko ka sa pahole ya zana maka shi. Ka haɗa sau biyu, da `-m32` da `-m64`, ka kwatanta. A Ubuntu ko Debian sai ka sa gcc-multilib kafin `-m32` ya yi.

Mataki na 4: zana tsarin kayan a takarda, sannan ka jera da hannunka

Nan ne asalin aikin. Kafin ka taɓa kibod ka ɗauki biro ka rubuta bayit na nawa mene ne. Nawa ga shi:

```
0        siga, yanzu 1
1        irin saƙo
2 - 3    tsawon bayani
4 - 7    lambar ciniki
8 - 15   kuɗi a kobo
16 - 23  lokaci a daƙiƙa
24 ...   bayani, UTF-8
```

Kai bayit 24, sai bayani. Dokokin da nake bi ba su da yawa. Babu `int`, babu `long`, babu `size_t`, babu `time_t`, babu `enum`, sai `uint8_t` da `uint16_t` da `uint32_t` da `int64_t` na stdint.h waɗanda girmansu yana cikin sunansu. Babu fointa, wannan dan Allah, adireshin memorin furogiram ɗinka a wajen ɗayan furogiram ɗin kamar ka ba mutumin Idi-Araba lambar gida ba sunan unguwa ne, zai je ya buga ƙofar wani. In kana da `char *` to rubutun kansa zaka kwafa ciki. Kuɗi kuma kar a sa shi a `double`, kobo a `int64_t` ya wadatar.

Bayani na sa masa tsawo a gaba maimakon jiran sifili a ƙarshe, kuma ka tuna tsawon bayit ne ba na haruffa ba, don ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 yake ci a UTF-8. Na taɓa yanke "ƙosai" a tsakiyar harafi ya fito da alamar tambaya a rasit.

Bayit ɗin siga kar ka raina shi. Layin System V ba ya mutuwa da mutuwar furogiram, yana nan a kanel har sai an goge ko an kashe kwamfuta, wato ka sabunta furogiram ka tayar da shi ya tarar da tsoffin saƙonni na tsohon tsari suna jiransa. Da siga zai gane ya ajiye su gefe.

Jerawar da kanta ba wuya:

```c
static void sa(unsigned char *p, uint64_t v, int n) {
    for (int i = 0; i < n; i++)
        p[i] = (unsigned char)(v >> (8 * i));
}

static uint64_t dauko(const unsigned char *p, int n) {
    uint64_t v = 0;
    for (int i = 0; i < n; i++)
        v |= (uint64_t)p[i] << (8 * i);
    return v;
}
```

Ƙaramin bayit ke gaba a nan. Wani zai ce ai layin saƙo a na'ura ɗaya yake, jerin bayit ba zai bambanta ba, meye na wahala. Gaskiya ne, amma ni na ga yadda abu ke tafiya, yau layin saƙo gobe oga ya ce a riƙa ajiye su a fayil ko a tura wa wata saba ta soket, in ka riga ka tsayar da jeri ɗaya babu abin da zaka sake.

Abin da ba zaka yi ba shi ne ka ɗauki `kaya + 8` ka juya shi fointar `int64_t` ka karanta. A 32-bit kaya a adireshi na 4 ya fara, wato wannan wajen bai rabu da 8 ba, Intel zai haƙura, wasu ARM da SPARC su jefo maka SIGBUS, siginar da ke kashe furogiram. In baka son waɗannan ƙananan fankshin ɗin to `memcpy`.

Akwai masu cewa a sa `__attribute__((packed))` kawai a huta. Yana cire gibi kam, amma ba ya maida `long` girma ɗaya, ba C na kowa bane na gcc da clang ne, kuma da zarar ka ɗauki adireshin wani abu a ciki ka koma matsalar SIGBUS ɗin can. Ni bana amfani da shi a nan. In struct kake so dole, ka jera manya a gaba ƙanana a baya, ka cike gibin da hannunka, ka sa `_Static_assert` kan girmansa, sannan ka `memcpy` shi cikin kaya. Ka lura `int64_t` a cikin struct a 32-bit na Intel kan 4 yake zama, a 64-bit kan 8, shi yasa jerin yake da muhimmanci.

Mataki na 5: aikawa

```c
struct sako s;
memset(&s, 0, sizeof s);
if (tsawo > KAYA_MAX - 24) return -1;

s.mtype = 1;
s.kaya[0] = 1;
s.kaya[1] = IRIN_CINIKI;
sa(s.kaya + 2,  tsawo, 2);
sa(s.kaya + 4,  lamba, 4);
sa(s.kaya + 8,  (uint64_t)kudi, 8);
sa(s.kaya + 16, (uint64_t)lokaci, 8);
memcpy(s.kaya + 24, bayani, tsawo);

while (msgsnd(layi, &s, 24 + tsawo, 0) == -1)
    if (errno != EINTR) return -1;
```

Abin da ka cika kawai zaka aika, 24 da tsawo, ba duka 256 ba. In layin ya cika msgsnd zai tsaya jira, in baka son jira ka sa IPC_NOWAIT ya dawo da EAGAIN kai ka san yadda zaka yi.

Game da lambar mtype, ka tsaya ƙasa da 2,147,483,647 ko da a 64-bit kake, don mai karɓa na 32-bit ba shi da inda zai sa wadda ta fi haka. Tsohuwar dabara ita ce mai amsa buƙatu ya saurari mtype 1, kowane mai tambaya ya sa PID ɗinsa, wato lambar da kanel ya ba furogiram ɗin, cikin kaya a mayar masa da amsa da wannan lambar, tunda PID 1 na init ne ba za a yi karo ba, kuma a Linux PID ba ya wuce 4,194,304. Amma fa a cikin kwantenar Docker furogiram ɗinka shi kansa zai iya zama PID 1, ya aika tambaya ya karɓi abarsa a matsayin amsa. Ni layi biyu nake buɗewa yanzu, na tafiya da na dawowa, hankalina ya fi kwanciya.

Mataki na 6: karɓa, nan ake zargin kowa

```c
ssize_t n;
do {
    n = msgrcv(layi, &s, sizeof s.kaya, 1, 0);
} while (n == -1 && errno == EINTR);

if (n == -1) return -1;
if (n < 24 || s.kaya[0] != 1) goto banza;
tsawo = dauko(s.kaya + 2, 2);
if ((size_t)n != 24 + tsawo) goto banza;
```

Da waɗannan layukan biyu na ƙasa suna nan tun farko da Alhaji bai samu abin zolayata ba. Adadin da msgrcv ya dawo da shi shi ne gaskiyar abin da ya iso, dole ya yi daidai da abin da kan saƙon ya faɗa, in bai yi ba ka rubuta shi a log ka wuce, kar ka yi lissafi da shi.

EINTR ɗin nan ba ado bane. A Linux msgrcv da msgsnd ba sa cigaba da kansu bayan sigina ta katse su ko da ka sa SA_RESTART, kai zaka sake kira. EIDRM kuma na nufin wani ya goge layin kana tsaka da jira, sake kira ba zai yi amfani ba sai ka sake msgget.

MSG_NOERROR sunansa yaudara ne. Abin da yake yi in saƙo ya fi mazubinka girma ya yanke ya zubar da sauran bai gaya maka ba. Kar ka sa shi a karɓar yau da kullum. Inda nake amfani da shi waje ɗaya ne, in na samu E2BIG, sai in sake kira sau ɗaya da shi don in cire ƙaton saƙon daga gaban layi in rubuta a log, hanya ta buɗe.

Lamba ta huɗu da ake ba msgrcv tana da hali uku. Sifili, ba ni na farkon layi ko wane iri ne. Sama da sifili, ba ni na farko mai wannan mtype ɗin. Ƙasa da sifili, misali -5, ba ni mafi ƙanƙantar mtype da bai wuce 5 ba, da haka ake sa saƙon gaggawa ya tsallake layi. Waɗannan ukun ko'ina suna aiki. MSG_EXCEPT da MSG_COPY na Linux ne kaɗai, in kana son abinka ya yi tafiya ka bar su.

Mataki na 7: makulli, iyaka, da NEPA

Da ftok ake samun makullin layi, daga lambar inode ta fayil da bit 8 na ƙasan lambar da ka ba shi. In aka goge fayil ɗin aka sake ƙirƙira, ko da suna ɗaya, makulli zai iya canzawa, furogiram biyu kowa ya buɗe layinsa suna jiran juna. Ka zaɓi fayil da ba a taɓawa. Izini 0600 ko 0660, ba 0666 da ake kwafowa daga misalai ba.

Iyaka a Linux in ba a canza ba, saƙo ɗaya bayit 8192, layi gaba ɗaya 16384, duba `/proc/sys/kernel/msgmax` da `msgmnb` ko ka buga `ipcs -l`. A FreeBSD `sysctl kern.ipc.msgmnb` ne kuma ya fi na Linux ƙanƙanta, shi yasa nake tsayawa a 256. In kayan da yawa ka ajiye a fayil ka aika sunansa. Kwantena kowacce da nata layukan, biyu ba za su ga juna ba sai ka haɗa su da `--ipc`. Android kuwa, wanda wasu injinan POS ɗin da ke bakin titi ke gudu a kai, ba ya goyon bayan System V IPC, kar ka ɓata lokacinka.

Sai NEPA. Layin nan a memorin kanel yake, in wuta ta ɗauke kafin janareta ya tashi kuma batirin UPS ya riga ya gaji, duk saƙon da ba a karɓa ba ya tafi. Ciniki ka fara rubuta shi a fayil ko ma'ajiyar bayanai, saƙon ya zama sanarwa ce kawai mai ɗauke da lambar ciniki, in kwamfuta ta tashi mai karɓa ya bi ya ga waɗanda bai taɓa ba.

In ɗaya ɓangaren ba C bane

Nan zanen takardar can yake biyan kuɗinsa. A Python:

```python
kai = struct.pack('<BBHIqq', 1, iri, len(b), lamba, kudi, lokaci)
layi.send(kai + b, type=1)
```

Da laburaren sysv_ipc kenan, shi ke kula da mtype. Alamar `<` ta farkon nan ita ce komai, tana cewa ƙaramin bayit a gaba, girma tsayayye, babu ciko, in ka cire ta Python zai bi halin na'urar ka koma gidan jiya. `struct.calcsize` ya ba ka 24.

A Perl kai ke haɗa mtype da kanka, `pack("l! a*", $iri, $kaya)`, alamar motsin rai ɗin nan dole ce, ita ke cewa `long` na wannan na'urar, `l` kaɗai bayit 4 ne ko'ina. PHP kuma msg_send yana nannaɗe saƙo da serialize in baka hana shi ba, sai mai C ya ga `s:5:"shanu";` maimakon abin da yake jira, ka sa false a wajen, haka ma a msg_receive.

Layin POSIX fa?

In sabon aiki ne kuma Linux kawai zaka, mq_open da mq_send da mq_receive sun fi daɗin hannu, sun shigo Linux tun 2.6.6. Babu mtype, babu struct ɗin dole, mazubi da tsawo da lambar fifiko kawai, wato kayan da ka jera a mataki na 4 haka zaka miƙa su ba canji, irin saƙo dama yana bayit na 1. Tarkonsa ɗaya da ke kama kowa, mazubin mq_receive dole ya kai mq_msgsize na layin ko da saƙon bayit 10 ne, in ba haka ba EMSGSIZE, ka tambaya da mq_getattr kar ka yi zato. Linux saƙo 10 yake bari a layi in ba a ƙara ba. Fifiko ka tsaya ƙasa da 32 don shi POSIX ya lamunce. A macOS babu shi sam, in abokin aikinka a Yaba da MacBook yake gwaji to System V ɗin dai zaku koma.

Mataki na ƙarshe: gwaji

Haɗa mai aikawa sau biyu, mai karɓa sau biyu, `-m32` da `-m64`, ka gwada duka haɗi huɗun. Ka sa kuɗin da ya wuce miliyan 22, ka sa kuɗi mai ragi, ka sa bayani mai ƙ da ɗ, ka sa bayani fanko, ka sa wanda ya cika 232 cif. Ka sa mai aikawa ya zuba kayan a fayil kafin ya tura, na 32 da na 64, ka buga `cmp` a kansu, in bai ce komai ba bayit ɗinku ɗaya ne, in ya yi magana `xxd` zai nuna maka wajen. `strace -e trace=ipc` kuma zai nuna maka mtype da girman da ake miƙa wa kanel a zahiri, ba wanda kake zato ba.

Sannan ka aika shara da gangan, bayit 3, bayit 5000, siga 9, ka ga ko mai karɓa zai tsaya da ƙafarsa. Tsakanin kowane gwaji `ipcs -q` ka ga abin da ya rage a layi, `ipcrm -q` da lambar layin ka share, in ba haka ba saƙon gwajin ɗazu zai shigo na yanzu ka kwana kana neman kuskuren da babu shi. In akwai Raspberry Pi a kusa, ko aro ne daga wani a Computer Village, ka sa masa tsarin 32-bit ka maimaita komai a kansa, don gibin ARM ɗin can `-m32` na laftof ba zai nuna maka shi ba.